Kuɗin kare ƙasa, ruwa da gaɓar teku a Najeriya: inda suke fitowa da inda suke maƙalewa

Duk wata, idan kwamitin rabon arzikin ƙasa ya zauna a Abuja, cikin kowace naira 100 da za a raba daga asusun tarayya akwai naira 2 da kwabo 32 da aka ware wa matsalolin muhalli. Su ne ake kira Asusun Kula da Muhalli. An kafa shi a 1981 da kashi 1 cikin 100, aka ɗaga shi zuwa kashi 2 a 1992, kuma a tsarin rabon da ake bi yanzu gwamnatin tarayya na karɓar kashi 1, jihohi 36 su raba kashi 0.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba kashi 0.60. Kuɗin harajin VAT ba sa cikin wannan lissafi, nasu rabon daban ne.

Mu ɗauka an raba naira biliyan 100. Tarayya za ta samu biliyan 1 da sunan muhalli, jihohi miliyan 720, ƙananan hukumomi miliyan 600, wato kowace ƙaramar hukuma kusan naira dubu 775 da za a ce rabon daidai-wa-daida ake yi. Da yake abin da ake rabawa a wata ya ninka biliyan 100 sau da yawa, kuma ba a fashin ko wata ɗaya, kuɗin da ke taruwa a shekara ba na rainawa ba ne. Saboda haka idan aka ce zaizayar ƙasa da kwararowar hamada sun gagara ne don babu kuɗi, an faɗi rabin magana. Sauran rabin shi ne irin hanyar da kuɗin ke bi, da lokacin da suke isowa, da abin da aka saba saya da su.

A fara da kason tarayya. Tun kafin a taɓa shi dokoki sun riga sun yanka wa wasu hukumomi nasu: hukumar agajin gaggawa ta NEMA tana da kashi 20 cikin 100, hukumar shingen itatuwa ta Great Green Wall kashi 15, hukumar raya Arewa maso Gabas kuma kashi 10 na tsawon shekara goma bisa dokar da ta kafa ta a 2017. Abin da ya saura yana hannun wani ofishi da ke ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya, kuma ba a fitar da shi sai da amincewar shugaban ƙasa. Lura da cewa kaso mafi tsoka cikin ukun nan na agaji ne, wato katifa da buhun shinkafa da kwanon rufi bayan ruwa ya riga ya yi ɓarna. Ba wanda zai ce kada a taimaki wanda gidansa ya rushe, amma wannan ba kare ƙasa ba ne.

Kason jihohi da ƙananan hukumomi shi ne inda aka fi samun duhu. Na farko, ana raba shi ne da ma'aunin da ake raba sauran kuɗin tarayya: kashi 40 daidai tsakanin kowa, kashi 30 bisa yawan jama'a, sauran kuma bisa faɗin ƙasa da yanayinta, da ƙoƙarin tara haraji, da lamuran ilimi da lafiya. Babu gurbin da ke tambayar jihar da hamada ta fi ci ko wadda teku ke cinye wa garuruwa. Na biyu, kuɗin suna shiga asusun jiha tare da sauran kason wata, kuma da zarar sun gauraya da kuɗin albashi da na titi, bin sawunsu sai wanda ya sa kansa. Na ƙananan hukumomi kuwa shekara da shekaru ta asusun haɗin gwiwa da jiha suke bi, asusun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kansa ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Shari'ar da aka fi sani kan Asusun Kula da Muhalli ita ce ta tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, wanda babbar kotu a Abuja ta ɗaure shekara 14 a watan Yunin 2018 kan karkatar da naira biliyan 1.162, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 10, daga baya aka yi masa afuwa a 2022.

Ƙofa ta biyu ita ce rance, kuma manyan ayyukan da ido ke gani a shekarun nan galibi daga nan suka fito. A 2012 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 don shirin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa, wanda ya soma da jihohi bakwai na kudu, aka ƙara masa dala miliyan 400 a 2018, ya bazu har zuwa jihohi irin su Kano, Katsina, Gombe da Sakkwato kafin a rufe shi a 2022. A watan Disambar 2021 kuma aka amince da dala miliyan 700 don ACReSAL, shirin shekara shida da ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan 1 na ƙasar da ta lalace. Akwai kuma takardun lamuni na muhalli da tarayya ta sayar a cikin gida, naira biliyan 10.69 a Disambar 2017 da biliyan 15 a 2019.

A kafafen labarai sau da yawa za ka ji ana kiran kuɗin Bankin Duniya tallafi. Bashi ne mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi, kuma da dala ake biya. Jihar da ta ci, daga kasonta na wata ake cirewa tun kafin ya iso mata. Lokacin da aka sa hannu kan ACReSAL dala tana wajen naira 410 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Ma'ana idan gandun da aka dasa da wannan kuɗi ya mutu a shekara ta biyu, jihar za ta ci gaba da biyan bashinsa da nairar da adadinta ya ninka na farko fiye da sau uku.

Kuɗin rance suna da sharuɗɗa, kuma a nan ne jinkiri ke shigowa. Sai jiha ta kafa ofishin shirin, ta zuba nata kason, a yi awo da zane, a rubuta bayanin yadda aikin zai shafi muhalli da mazauna wurin, a ƙidaya gidaje da gonakin da za a taɓa, a biya diyya, sannan banki ya ce ba shi da ja a ba da kwangila. Diyyar nan yawanci daga aljihun jiha take fita. Jihar da ta yi nawa wajen biyan ta sai ta tarar dalolin suna ajiye, ɗan kwangila na jira, kwazazzabon kuma bai san da wata takarda ba: damina ɗaya ta isa ya ƙara faɗi har zanen da aka yi bara ya tashi daga aiki. Duk da haka, a ganinmu wannan tsari mai gajiyarwa ya fi na asusun muhalli fitar da aiki mai inganci, don kawai akwai wanda ke duba takardu kafin a biya.

Yanzu ga abin da ake saya. Mu ɗauki dashen itatuwa, tunda shi ne aikin da jihohi 11 na bakin hamada, daga Kebbi zuwa Borno, suka fi kashe wa kuɗi. Itace yana da kalandarsa. Ana cika leda da ƙasa da taki a shuka iri wajen Maris zuwa Afrilu, a yi ta ban ruwa wata uku zuwa huɗu, a haƙa ramuka kafin ruwa ya sauka, a dasa a Yuli idan damina ta zauna, domin saiwa ta samu wata biyu tana bin danshi zuwa ƙasa. Kasafin gwamnati kuma yana da tasa kalandar, kuma kuɗin manyan ayyuka ba safai suke fitowa a farkon shekara ba. Idan aka saki kuɗi a Agusta, ɗan kwangila zai sayo dashe daga duk inda ya samu, wani ya yi ƙanƙanta, wani ya daɗe a leda har saiwarsa ta naɗe, a dasa a Satumba ruwa na bankwana. A hoto gandun zai yi kyau. Kafin Maris ya zama kara.

Ko an dasa kan lokaci, dashen shi ne ɓangare mafi arha. Idan aka ba da tazarar mita 4 tsakanin itace da itace, hekta ɗaya na ɗaukar 625, a tazarar mita 3 kuma 1,111. Abin da ke cin kuɗi shi ne shingen waya da zai hana awaki da raƙuma, da mai gadi, da ban ruwa a rani na farko da na biyu inda ƙasa ta yi tsauri, da share layin kariya daga gobara bayan kaka, da cike gurbin waɗanda suka mutu a damina ta gaba. Waɗannan duka kuɗi ne ƙanana da ake buƙata kowane wata har shekara uku. Kwangilar gwamnati kuwa an gina ta ne kan a kawo kaya, a ƙirga, a biya, a rufe fayil. Shi ya sa rahotanni ke cika da adadin itatuwan da aka dasa, ba a cika jin adadin waɗanda suka rayu ba. Zaɓin iri ma yana da nasa tasiri: darbejiya da turare suna saurin tashi kuma suna tare iska, amma dakwara mai ba da ƙaro, da bagaruwa, aduwa, magarya da kurna su ne mutanen gari ke da dalilin karewa, domin akwai abin da za su ci ko su sayar. Sannan gandun da aka kafa a kan burtali ko makiyaya ba tare da an zauna da dagaci da ardo ba, wayarsa ba ta kai baɗi.

Tsallaken iyaka akwai darasin da ya kamata masu tsara kasafi su riƙa dubawa. A yankunan Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin kututturen da ke tohowa a gona maimakon sare shi a lokacin sassabe: a zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi, a datse sauran, a riƙa yi musu aski duk shekara. Saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, ba ta neman ban ruwa. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a Nijar, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana. Abin da ya fi taimakawa shi ne manomi ya samu tabbacin cewa itacen gonarsa nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara don ya sare reshe ba. A ƙasar da ta zama faƙo kuma ana haƙa ramukan rabin wata masu faɗin mita 4, kimanin 313 a hekta, bakinsu na fuskantar inda ruwa ke gangarowa, a zuba taki a shuka ciyawa ko itace a ciki. Irin wannan aiki kuɗinsa na tafiya ne ga leburori da malaman gona, babu wata babbar kwangila a cikinsa, kuma muna zargin wannan na cikin dalilan da ba ya samun masu kare shi a zauren kasafi.

Zaizayar cikin gari ita ce ke lashe kuɗi mafi yawa a wuri ɗaya. Lissafinta mai sauƙi ne: ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa milimita 50, zai zubo da lita 5,000. Unguwa mai gida dubu ta tara lita miliyan 5 ke nan cikin sa'a ɗaya ko biyu, kuma tunda an shafe tsakar gida da siminti, duk titi za su bi. Inda kwata ko kwalbati ta ƙare ba tare da an kai ruwan mazauni ba, nan rami ke farawa, yana cin baya yana nufar gari, kamar yadda aka sha gani a Gombe. Gyara na gaskiya sai an bi ruwan tun daga sama: a rage shi da wuraren da zai tsaya ya nutse, a ɗauke saura a magudanar kankare har zuwa rafi, a gina wurin karya ƙarfinsa a ƙarshe, a jera kwandunan waya cike da duwatsu, a kwantar da gangaren gefe a dasa jema ko gamba. Kuskuren da aka fi yi shi ne raba aikin kashi-kashi saboda kuɗi ba su kai ba. Kashi na farko ya ƙare a tsakiyar hanya, kankare ya tattara ruwan ya ƙara masa gudu, ya sake shi kan ƙasa tsirara. Sabon rami ya buɗe a daidai inda aikin ya tsaya, ya dawo yana cin gindin magudanar da aka kashe wa biliyoyi. Ga kuma yasa: magudanar da ba a kwashe mata yashi da leda kafin kowace damina, aikin da a ƙa'ida kason ƙaramar hukuma ya isa ya yi, ba ta daɗewa.

A ɓangaren ruwa matsalar ta wuce iyakar jiha guda. Dausayin Haɗeja da Nguru misali ne. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja, wanda a da yake cika da damina ya janye da rani ya koma mai gudana kusan duk shekara. Ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shi kachalla ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru, ruwan ya karkata ya malale gonaki a wani wuri, wasu garuruwan na ƙasa kuma suka rasa na noman fadama da kamun kifi, ga tsuntsayen jan-baki da suka samu maɓoya. Ana iya kashe kachalla idan aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa sau biyu ko uku a jere, domin saiwarta na shaƙar iska ne ta karan, amma idan jiha ɗaya ta share nata ɓangaren maƙwabciyarta ba ta share ba, ko masu kula da madatsa ba su sauya yadda suke sakin ruwa ba, ciyawar za ta dawo. Don haka ne a 2006 jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato tare da tarayya suka kafa asusun amana na wannan kwari. Tunanin daidai ne: kuɗi su bi kogi, kada su tsaya a kan iyakar jiha. Sai dai asusu irin wannan ba ya rayuwa da zubi ɗaya.

Madatsun kansu suna buƙatar kuɗin kulawa da ba wanda ke yanka kintinkiri a kansu: duba tsagewa da yoyo, gyaran ƙofofi, auna lakar da ta cike ciki, share mafitar ruwa. Madatsar Alau, wadda aka gama a 1986, ta taɓa yi wa Maiduguri ambaliya a 1994, ta sake ɓallewa ranar 10 ga Satumbar 2024. A farkon 2025 tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina ta, ban da abin da aka kashe kan agaji da abin da jama'a suka rasa.

Gaɓar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 853, kuma a can ƙa'idar ɗaya ce da ta kogi: igiyar ruwa tana tafiya da yashi a gefen gaɓa, a yankin Legas daga yamma zuwa gabas, duk wanda ya tare shi a wani wuri ya hana na gaba. Katangun duwatsu da aka gina a bakin tashar jiragen ruwa ta Legas a farkon ƙarni na 20 sun tare yashin, gaɓar Bar Beach da ke gabas da su ta yi ta zaizayewa, gwamnati ta yi ta zuba sabon yashi teku na kwashewa, har aka kai ga katangar Eko Atlantic, wadda 'yan kasuwa suka gina don su sayar da filin da aka cike. Wannan ya yiwu ne saboda fili a Legas zinariya ne. Garin masunta irin Ayetoro a jihar Ondo ba shi da wannan gata. Hukumar raya yankin Neja-Delta ta ba da kwangilar kare gaɓarsa a 2004, ta sake bayarwa a 2009, teku kuma bai fasa cin gidaje ba. Gaɓar can laka ce, ba yashi ba, kuma zanen da ya yi aiki a kan yashi ba lallai ya zauna a kan laka ba. A ƙasar Ogoni kuwa, inda malalar mai ta kashe itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri suna riƙe gaɓa, rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya nemi a fara da dala biliyan 1 na shekara biyar, ya kuma ce farfaɗowar za ta ɗauki shekara 25 zuwa 30.

Gyaran da muke ganin ya fi sauƙin yi ba ya buƙatar ƙarin ko kwabo. Kason muhalli na jiha da na ƙaramar hukuma ya zauna a asusu na daban mai suna, a riƙa buga abin da ya shiga da abin da ya fita. Kuɗin renon dashe a sake su kafin Maris. Kwangilar gandu a raba biyanta gida uku, kaso na ƙarshe sai an ƙirga itatuwan da ke raye a watan Mayu na shekara ta biyu, lokacin da rani ya gama gwada su. Duk aikin kankare ya zo da layin kulawa a kasafin shekarun da ke biye, da sunan hukumar da za ta karɓe shi idan shirin rance ya rufe.

Mai son bin sawu yana da inda zai fara. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana wallafa rahoton rabon kowane wata a intanet, kuma a ciki akwai gurbin kason muhalli na kowace jiha. A haɗa na wata goma sha biyu, a ɗauko kasafin jihar na wannan shekara, a duba abin da aka rubuta wa ma'aikatar muhalli da abin da rahoton aiwatarwa ya nuna an saki. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa takarda, kuma takardar da ta fi samun amsa ita ce wadda ta ambaci aiki ɗaya da sunansa da wurinsa, ta nemi kuɗin kwangilar, da ranar da aka bayar, da nawa aka biya zuwa yanzu, da takardar shaidar kammalawa idan an ce an gama.